Jika 250 a hannu, kwamfutar wasa a rai: wace zan saya?

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, ina zaune a gidanmu a unguwar Bagalam. Shekara biyu ina tara kuɗi daga tsaron shagon kawuna lokacin hutu, yanzu ina da jika 250, wato sefa dubu 250. Burina in sayi kwamfutar tebur da zan yi karatu da ita, in kuma buga wasannin FC 24 da eFootball da GTA V. Wani mai shago ya nuna mini wata mai akwatin gilashi da fitilu kala-kala, ya ce Core i7 ce, katin hotonta giga 4. A jikin takardar an rubuta i7-2600 da GT 730. Abokina na fada kuma ya ce in rabu da ita, ya san mai kawo RX 580 mai giga 8 daga Kano da araha, in tura kuɗi kawai. Kaina ya ɗaure. Ga shi ban faɗa wa Baba ba tukuna, don a wurinsa wasan kwamfuta ɓata lokaci ne. Ina mafita?

Ƙanenka daga Maraɗi.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Wanda ya iya riƙe kuɗi shekara biyu a garin nan, ga biki ga suna, ga sabuwar salula kullum tana kiran ido, ya cancanci a zauna a yi masa bayani a tsanake. Kuma na ji daɗi da ka kwafo lambobin da ke jikin takardar, don su ne suka tona asirin cinikin gaba ɗaya.

Mai fitilun nan, ka bar wa mai shago abinsa. Kalmar i7, sunan ajin firosesa wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita kaɗai ba ta gaya maka komai, sai ka dubi lambar da ke biye da ita. Idan lambobin huɗu ne, ta farko ita ce zubin. Idan biyar ne, biyun farko. Ke nan i7-2600 zubi na 2 ne, kamfanin Intel ya fitar da shi a 2011, lokacin kana firamare ko ma ba ka shiga ba. A zamaninsa gwarzo ne. Amma i5-8500 na 2018, wanda sunansa ke nuna kamar ƙanensa ne, yana da ƙwayar aiki 6 a cikinsa a inda wancan ke da 4, kuma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani umarni na cikin firosesa da ake kira AVX2, wanda Intel bai fara sawa ba sai a zubi na 4 a 2013. Wasu sababbin wasanni idan ba su same shi ba, ko buɗewa ba sa yi. Ga maganar Windows: Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na 8 yake karɓa. Kai da za ka yi karatu da injin nan shekaru masu zuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Katin hoton, wanda ƴan kasuwarmu ke kira kart grafik, shi ya fi ɓata mini rai, don da shi aka fi cutar yara. Ana ɗaga murya a kan “giga 4” saboda an san kunnen mai saye ya saba da giga daga salula. To giga faɗin amalanke ne kawai, wurin ɗora kaya. Abin da ke jan amalanken shi ne ƙwaƙwalwar katin. Ka ɗaura babbar amalanke a wuyan ɗan maraƙi, ka ga ko za ta kai kasuwa. GT 730 ya fito a 2014, kuma ko a lokacin don aikin ofis da kallon bidiyo aka yi shi. Mafi kyawun nau'insa ƙananan ƙwayoyin lissafi 384 gare shi, akwai ma mai 96 kacal, kuma sau da yawa irin wannan raunanan ake liƙa wa giga 4 na tsohuwar ma'ajiya DDR3 don su yi kwarjini a takarda. GTX 1650 yana da 896, na sabon ƙira. Kamfanin EA, mai yin wasan, da kansa ya rubuta cewa mafi ƙarancin abin da FC 24 ke buƙata shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, giga 8, da firosesa irin i5-6600K ko Ryzen 5 1600. GT 730 ko ƙurar waɗannan ba ya hangowa. Kuɗin gilashi da fitilu za ka biya, ka koma gida ƴan wasa suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa.

Shawarar abokinka ta fi ta mai shago ma'ana, ban raina ta ba. RX 580 kati ne na gaske, AMD ya fitar da shi a 2017, kuma har gobe yana buga wasannin da ka lissafa da kyau. A ƙarfi ya fi GTX 1650, babu gardama. Sai dai abu uku ke sa ni jan ƙafa. Katin nan shi ne jakin masu haƙar kuɗin intanet: an jera dubbansu a rumbuna suna aiki dare da rana shekara da shekaru, da aka daina haƙar Ethereum, ɗaya daga irin kuɗin nan, da katin hoto a Satumba 2022 sai aka kwararo su kasuwannin duniya, wasu an wanke an sake musu riga kamar sababbi. Akwai kuma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda a gaskiya ajin RX 570 ne, don na ainihin ƙwayoyinsa 2304 ne. Na ukun shi ne babba: wat 185 yake sha shi kaɗai, yana buƙatar wayar wuta ta musamman mai baki 8, kuma akwatin wutar da ake so a haɗa shi da shi, wato mai raba wa kayan cikin inji wuta, na wat 500 ne. Ƙara da cewa ba ka ga katin ba, ba ka san mai kawowa ba. Cinikin biri a sama ke nan. In ya iso ta Jibiya da Ɗan Isa ya yi sati biyu ya mutu, wa za ka riƙe? Abokinka? Zumuncin fada ya fi jika hamsin tsada.

Yanzu bari in faɗa maka abin da masu bidiyon Turai da Amurka ba za su faɗa maka ba, don ba a ɗakinka suke zaune ba. Su suna gwada kati a ɗaki mai sanyi, wuta tsaye cak. Kai a Maraɗi kake. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ɗakin kwano da rana kuwa ya fi haka. Duk wat ɗin da inji ya sha, zafi yake komawa, kuma fanka ba ta da wata iskar da za ta hura masa sai wadda ke cikin ɗakin. Katin da ke tsayawa a digiri 70 a can, a nan zai iya kai 85 ko fiye, daga nan sai ya rage wa kansa gudu don kada ya ƙone. Ka sayi ƙarfi, zafi ya ƙwace rabinsa. Hunturu ya zo da ƙura ta toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kamar an liƙa auduga. Ga wuta, wadda aka daɗe ana jawo mana daga Najeriya ta Katsina: a ɗauke, a kawo, wani lokaci ta zo da rauni, wani lokaci ta zo da fushi. Na taɓa buɗe injin wani yaro da ya kashe duk kuɗinsa a kan babban kati, ya haɗa shi da akwatin wuta mara suna mai nauyin kwali. Wuta ta dawo da ƙarfi da dare ɗaya, akwatin ya tafi, ya ja katin da babban allon da ake soka komai a jikinsa suka tafi tare. Yaron nan yana tsaye a gabana ya kasa magana. Tun daga ranar nake gaya wa kowa: a garin nan daga soket ake fara lissafin kwamfuta, sannan a zo kan kati.

Saboda haka ga abin da zan saya da kuɗin nan nawa ne. Kwamfutar ofis ta hannu, cikin waɗanda kamfanonin waje ke sallama bayan ƴan shekaru: Dell OptiPlex, ko HP ProDesk ko EliteDesk, ko Lenovo ThinkCentre. Ba su da kyan gani, baƙaƙe ne ƙirin ba fitila ko ɗaya, amma an ƙera su don su wuni a kunne, kuma akwatin wutarsu nagari ne ko da ƙarami ne. Ka nemi mai i5-8400 ko i5-8500, irin su OptiPlex 3060, 5060 ko 7060. Ka dage a kan babban akwati mai tsayuwa, wanda suke rubuta wa MT ko Tower. Siririn da ake kira SFF ba ya ɗaukar kati sai gajere na musamman, wutarsa ta fi ƙanƙanta, iska kuma ba ta zagayawa a cikinsa. Ɗan mitsitsin nan mai kamar littafi kuwa ba shi da wurin kati sam.

A cikinsa sai ka sa katin da ba ya neman wayar wuta daban, wanda ramin babban allo kaɗai ke ciyar da shi. Ramin nan wat 75 yake bayarwa, kuma akwai katunan da aka yi daidai da haka. GTX 1650 na 2019 mai giga 4 shi ne zaɓina. Ka duba gefensa da idonka, don wasu kamfanoni sun yi nasu da bakin wuta mai rami 6. Kai wanda ba shi da shi kake nema. In kuɗi sun kai, RTX 3050 mai giga 6 na 2024 wat 70 yake sha, ya kuma fi 1650 ƙarfi, amma ka lura da mai giga 6 nake magana, ɗan'uwansa mai giga 8 yana neman waya. In kuɗi sun gaza, GTX 1050 Ti na 2016 zai fitar da kai, sai dai shi ne daidai bakin ƙofar FC 24, kuma Nvidia, kamfanin da ya ƙera shi, ya daina fitar masa da sababbin manhajojin wasa a ƙarshen 2025, alhali 1650 na ci gaba da samu. Yi lissafin da kanka: firosesa wat 65, kati 75, sauran tarkace kamar 40, jimla wajen 180. Akwatin wutar irin waɗannan injuna na tsaye da yawa yakan kama daga 240 zuwa 290, amma wasu ba su kai haka ba, an rubuta a takardar da ke jikinsa, ka buɗe ka karanta. Kada wani ya ce zai sa maka RX 580 a ciki da wayar jona-jona da ake ja daga bakin faifai. Wayoyin nan narkewa suke yi. Kuma yawancin injunan ofis bakin wutarsu na kamfaninsu ne, ba kowane akwatin kasuwa ke shiga ba.

Da wannan haɗin GTA V, wanda ya zo kwamfuta tun 2015, zai gudu sumul a 1080p. eFootball ma haka. FC 24 zai yi daɗi a matsakaicin saiti. Ba zan yi maka alkawarin manyan wasannin da ke fitowa yanzu a kan saiti mafi girma ba, giga 4 ya yi musu kaɗan. Amma abin da ka lissafa a wasiƙarka, zai buga.

RAM ka sa giga 16, sanda biyu masu giga 8-8, don sanda biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, sun fi ɗaya mai 16 sauri. Zubi na 8 DDR4 yake ci. Ma'ajiya kuwa SSD, mai sauri wadda ba ta juyawa, kada ka yarda da tsohon faifai mai juyawa a matsayin gidan Windows. Giga 512 shi ne daidai, tunda FC 24 kaɗai wajen giga 100 yake nema.

Kafin ka taka shago, cire kamar jika 40 ka sa a wani aljihu, ka ɗauka ba ka da su. Na ondular ne, wato na'urar da ke riƙe wuta ƴan mintoci idan an ɗauke. Nemi mai daidaita ƙarfin wuta a ciki, za ka ga an rubuta AVR. Lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce: mai 650 VA abin da take ɗauka bai fi wat 360 zuwa 390 ba. Wannan ya ishi injin da na kwatanta maka har da ekaran, wato allon kallo, amma da RX 580 ne sai ka nemi mai 1000 VA ko fiye, wani kuɗin ke nan da abokinka bai sa a lissafi ba. Aikinta ta ba ka damar adana aikinka ka kashe inji da hannunka, ba ta ƙarasa maka wasa ba, in ka matsa mata batirin ba zai yi shekara ba. In kuma gidanku akwai sola, ƙarancin wat ɗin nan zai yi maka rana fiye da yadda kake zato.

Ragowar jika 210 su ne na inji da kati da ekaran. Farashi na motsi da naira da kuma halin iyaka, don haka ka zaga shago uku ko huɗu kafin ka tsayar da magana. A rabon kuɗin, kati ya ci kaso mafi tsoka bayan inji, ekaran ya zo ƙarshe: na hannu mai inci 22 ko 24, 1080p, mai bakin HDMI ko DisplayPort, ya wadatar. In akwai talabijin mai HDMI a gida, fara da ita ka sayi ekaran daga baya. Idan lissafi ya ƙi haɗuwa, sauka zuwa i5-6500 ko i5-7500 ka san ka bar Windows 11 na hukuma, ko ka ƙara haƙurin wata biyu. Ni na fi son haƙurin.

Wata hanyar kuma, don kada in ɓoye maka: in ka samu mai haɗa inji da ka yarda da shi, ana iya ɗora sabo a kan Ryzen 5 5600G, wanda ke da ɗan katin hoto a cikinsa, a sa akwatin wuta mai suna na wat 500 ko 550, ka fara da eFootball da GTA V a ƙaramin saiti, ka ƙara kati irin RX 6600 shekara mai zuwa. Ya fi nisan kwana, amma zai fi cin kuɗi yau. Da kuma ƙwallo kaɗai ce damuwarka, da na ce ka sayi PS4 ta hannu ka huta. Tunda akwai karatu a ciki, kwamfutar ta fi.

Ranar ciniki ita ce ranar da ake cin kasuwa ko ta ci mutum, don haka a nan nake so ka fi natsuwa. Ka tafi da kile ɗinka, wato filashin USB, ɗauke da ƙananan manhajoji huɗu na kyauta: CPU-Z, GPU-Z, CrystalDiskInfo da FurMark. Ta farko za ta nuna maka ainihin firosesa da RAM, ko me aka liƙa a jikin akwati. Ta biyu ta katin ce, kuma takan rubuta FAKE ƙarara a gaban sunan wasu katunan jabu. Jabun suna nan da yawa: ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010 a sauya masa suna ya koma GTX 1050 Ti. Alama mai sauƙi ita ce bakin VGA, shuɗin nan mai ramuka 15. In ka gan shi a bayan katin da aka ce 1050 Ti ne ko 1650, ajiye shi. Ta uku za ta gaya maka lafiyar SSD da awowin da ya yi yana aiki. Ta huɗu ita ce ke sa kati gumi: kunna ta minti 15 zuwa 20 kana kallon zafi. In ya wuce digiri 85, ko ka ga ɗigo-ɗigo da layuka masu launi a ekaran, ko inji ya mutu da kansa, ciniki ya ƙare. Ka saurari fanka ko tana gurnani. Ka tabbata wayar ekaran a bayan katin aka soka ta, ba a bakin babban allo na sama ba, don da yawa sun yi wata guda suna zagin kati alhali ko aiki ba su ba shi ba. Sannan a buga wasa na gaske a gabanka, ko rabin lokaci ne. Gani ya kori ji. Mai shagon kirki ba zai hana ka ba, wanda ya fara cewa yana sauri ya ba ka amsa. A ƙarshe a rubuta maka takarda da lambar inji da ta kati da kwanakin garanti, ko mako biyu ne, ka kuma je da babba wanda ake jin nauyinsa a kasuwa. Kawunka mai shago ya dace da wannan.

A gida kada ka ajiye shi a ƙasa, ɗora shi a tebur, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. In ka kashe ya huce, lulluɓe shi da zane. In zai yi aiki, yaye. Lokacin hunturu ka buɗe gefensa duk wata ka hure ƙurar, kana riƙe da fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. Da hadari ya haɗo, zare waya daga bango. Wasa kuma ka fi yinsa da safe ko bayan isha'i, injin zai fi sakewa. Ka sa kuɗin data a ranka tun yanzu, don sauke giga 100 da salula ba wasa ba ne, kuma wasannin da ake kwafa a gefen hanya sukan zo da ƙwayar cuta, a injin da ke ɗauke da takardun karatunka.

Saura Baba. Ƙanena, kada injin nan ya shiga gida kafin maganar ta shiga kunnensa. Abu ne mai girman da ba ya ɓoyuwa, wutar gidansa zai sha, kuma in ya gan shi kwatsam, abin da zai tsaya masa a rai shi ne ka yi shekara biyu kana shiri ba ka sanar da shi ba, wannan ya fi maganar wasa ciwo. Same shi bayan magariba lokacin da ya natsu, ko ka bi ta wajen Inna ko kawu in ka fi sakewa da haka. Kada ka ce masa na karatu ne kawai, zai ji ihun ƙwallo daga ɗakinka cikin kwana uku. Faɗa masa gaskiya: za ka rubuta aikin jami'a a kai, ka koyi Excel da zane da haɗa bidiyo, za ka kuma yi wasa a lokacin da ka ware. Tsoronsa ba na banza ba ne, ya ga ƴaƴan mutane da suka kwana a gaban ekaran sallar asuba ta wuce su, jarabawa ta kayar da su. To kai ka riga shi kawo sharaɗin: ba wasa lokacin salla, ba wasa a makon jarabawa, sha ɗaya na dare an kashe. Ka kuma ɗauki nauyin wutar. Inji da ekaran wajen wat 200, awa 4 a rana, kilowat-awa 24 ke nan a wata. Gaya masa adadin, ka ce kai za ka riƙa biya. Dattijo idan ya ga yaro ya zo da lissafi a hannu, kallon da yake masa yakan sauya.

Abokinka kuma ka gode masa, ka ce in mai kawo katin zai yarda a gwada a Maraɗi kafin a biya, wani mai babban akwatin wuta zai iya amfana. In ka samu injin da ya kwanta maka, ɗauki hoton takardar akwatin wutarsa da shafin GPU-Z ka turo mini kafin ka ƙirga kuɗin, zan duba maka in sha Allahu. A gaida su Baba.